Sharhi: Me taurari biyar na mota ke nufi yanzu, kuma nawa daga cikinsu ke isowa Nijar?

A farkon shekarar 2026 ƙungiyar Euro NCAP, wadda ke gwada sababbin motoci a nahiyar Turai tana ba su taurari daga sifili zuwa biyar, ta fara aiki da sabon ma'auni, sauyi mafi girma da ta yi tun 2009. Labarin bai yi tashe ba a Yamai ko Maradi, amma ya shafi duk ɗan Nijar mazaunin Faransa, Beljiyam ko Jamus da ke tara kuɗi don ya turo wa gida mota. Ya kuma shafi matashin da dillali ya aiko wa hoto ta WhatsApp yana cewa “wannan mai taurari biyar ce”.

Mutane da dama na ɗaukar taurarin a matsayin shaidar ƙarfin jikin mota, wato idan an yi karo, wa zai fito da rai. A da haka abin yake. Yanzu kuwa wani babban kaso na makin yana fitowa ne daga kamara da rada da kwamfutar da ke taimaka wa direba, kuma an tsara waɗannan na'urori ne bisa hanyoyin Turai masu fenti da alluna da fitilu. Wanda bai san yadda ake wannan lissafi ba, yana iya biyan kuɗin tauraron da ba zai yi masa aiki ba, ko ya raina motar da ta fi ta maƙwabcinsa kariya.

Daga ƙarfin ƙarfe zuwa idon kamara

Euro NCAP ta fitar da sakamakonta na farko a 1997. Ba doka ba ce, ba kuma ta hana sayar da mota. Gwamnatoci ne da ƙungiyoyin masu motoci da kamfanonin inshora suka haɗu suna ɗaukar nauyin gwajin, su kuma wallafa sakamakon don mai saye ya gani. A wancan lokaci babban aikin shi ne: a buga mota da shinge, a duba abin da ya sami mutum-mutumin da aka zaunar a ciki. Ƙaramar motar Ingila Rover 100 ta samu tauraro ɗaya a zagayen farko, ba a jima ba aka daina ƙera ta. A 2001 Renault Laguna ta zama mota ta farko da ta samu taurari biyar, daga nan kamfanoni suka mayar da taurarin abin talla.

Da aka kai matsayin da yawancin motoci ke cin jarrabawar karo, sai ƙungiyar ta ƙara tsananta ma'auni. A 2009 ta raba makin gida huɗu: kariyar manya da ke cikin mota, kariyar yara, kariyar masu tafiya a ƙasa, da na'urorin taimaka wa direba. A lokacin kashi 10 cikin 100 kawai aka ware wa na'urorin. A 2014 kason ya koma 20, kariyar manya ta sauka daga 50 zuwa 40. A shekarar ce kuma aka fara gwada birki mai kama kansa, wanda ake kira AEB a taƙaice, wato na'urar da ke hango mota a gaba ta taka birki idan direba ya makara. A 2016 aka ƙara gwajin hango mai tafiya a ƙasa, a 2018 mai keke, a 2023 mai babur.

Kashi 20 na iya zama kamar abu kaɗan, amma akwai abubuwa biyu da ke ƙara masa nauyi. Na farko, wani ɓangare na makin kariyar masu tafiya a ƙasa shi ma daga birkin mai kama kansa yake fitowa. Na biyu, ba a tara maki kawai a raba. Kowane gida yana da iyakar da dole mota ta kai. A ma'aunin 2023, kafin mota ta samu taurari biyar sai ta kai kashi 80 a kariyar manya, 80 a ta yara, 70 a ta masu tafiya a ƙasa, 70 a na'urori. Gidan da ya fi rauni shi ke yanke adadin taurarin. Ko jikin mota ya kai dutse ƙarfi, in ba ta da kamara, ba za ta ga taurari biyar ba.

Motoci biyu, darasi biyu

Abin da ya faru a 2021 ya fito da wannan fili. Dacia, reshen kamfanin Renault mai ƙera motoci masu araha, ta ga sababbin Sandero Stepway da Logan sun samu taurari biyu kacal. Euro NCAP da kanta ta bayyana cewa a fannin kariya lokacin karo motar ta cancanci taurari huɗu. Abin da ya ja ta ƙasa shi ne birkinta da rada kaɗai yake aiki, yana ganin mota amma ba ya ganin mutum ko mai keke, sannan ba ta da na'urar riƙe mota a layi. Shugabannin Dacia sun sha nanata cewa ba farautar taurari suke yi ba, suna cika abin da doka ta ce, ba za su ɗora wa mai ƙaramin ƙarfi kuɗin na'urorin da bai nema ba.

A ƙarshen shekarar ce kuma Renault Zoe mai aiki da lantarki, wadda ta samu taurari biyar a 2013, ta fito da sifili. A nan matsalar ta wuce ta na'urori. An maye gurbin jakar iskar gefe mai kare kai da ƙirji da wata mai kare ƙirji kawai, kuma a gwajin buga gefen mota da turke, kan mutum-mutumin ya sha duka mai tsanani.

Mai kallon taurari kawai zai ce duka biyun motoci ne marasa kariya. Mai karanta gidajen huɗu zai ga bambanci: ɗaya ta rasa maki don ba ta da ido, ɗaya ta rasa don an rage mata abin da ke tsare ran mutum. Ga wanda zai kai motar hanyar Tawa zuwa Konni, wannan bambanci shi ne komai.

Shin na'urorin suna ceton rai?

Kuskure ne a ɗauka cewa na'urorin ado ne kawai. Wani bincike da Euro NCAP da takwararta ta Ostiraliya suka fitar a 2015 ya gano cewa birki mai kama kansa ya rage bugun mota ta baya da kashi 38. Cibiyar IIHS ta Amurka, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta samu raguwar kusan rabi a irin wannan haɗari. Rigakafi ya fi magani, kuma karon da ba a yi ba ya fi kowace jakar iska amfani. Wannan hujja ce ta sa Tarayyar Turai ta wajabta birkin da na'urar gargaɗin gudu da ta riƙe layi da ta lura da gyangyaɗin direba a kan duk sabuwar mota daga watan Yulin 2024.

Sai dai binciken ya nuna iyakar abin. A 2022 IIHS ta gano cewa birkin da ke hango mutum ya rage kaɗe masu tafiya a ƙasa da kashi 27, amma a hanyar da babu fitila da dare, babu wani bambanci tsakanin motar da ke da shi da wadda ba ta da shi. A farkon 2025 cibiyar ta sake gano cewa tufafi masu ƙyalli irin na ma'aikatan hanya suna rikita na'urorin wasu motoci, har su wuce ba su rage gudu ba. Ke nan a inda aka fi buƙatar na'urar, cikin duhu, a nan ta fi rauni.

Akwai kuma matsalar sakankancewa. Motar da ke riƙe sitiyari da gudu da kanta a babbar hanya tana sa wasu direbobi su koma kan waya. A 2020 Euro NCAP ta fara ba irin wannan tsari maki na dabam, wanda ba ya cikin taurari. Tesla Model 3 ta yi fice wajen iya tuƙi da kanta, amma aka ba ta matsakaicin matsayi saboda ba ta riƙe hankalin direba a kan hanya yadda ya kamata, yayin da Mercedes GLE da BMW 3 Series da Audi Q8 suka samu matsayi mafi girma. A watan Maris na 2024 IIHS ta gwada irin waɗannan tsare-tsare 14. Ɗaya tak, na Lexus, ya samu matsayin “karɓaɓɓe”, 11 suka faɗi warwas.

Amurka ta raba, Turai ta haɗa

Ƴan Nijar da ke sayen motoci a Amurka su lura cewa taurarin can da na Turai ba abu ɗaya suke faɗa ba. Hukumar NHTSA ta gwamnatin Amurka, wadda ta fara irin wannan gwaji tun ƙarshen shekarun 1970, tana ba da taurarinta ne a kan karon gaba da karon gefe da yiwuwar kifewa. Na'urorin taimako kuwa a gefe take lissafa su, ta nuna ko motar na da su ko babu. A watan Nuwamban 2024 ta amince da ƙara wasu huɗu a wannan jeri, ciki har da birkin hango mutum da gargaɗin motar da madubi ba ya nunawa. Tun a watan Afrilun shekarar ta kafa dokar da za ta wajabta birki mai kama kansa daga Satumban 2029, tana hasashen zai ceci aƙalla rayuka 360 a shekara.

Saboda haka taurari biyar na Amurka magana ce a kan jikin mota, na Turai kuma cakuɗa ce ta jiki da na'ura. Kowane tsari da lahaninsa. Na Turai ya tilasta wa kamfanoni saka na'urorin shekaru kafin doka ta ce a saka, amma ya sa lamba ɗaya ta ɓoye abubuwa mabambanta. Na Amurka ya fi sauƙin fahimta, amma an daɗe ana sukarsa da cewa kusan kowace mota tana samun huɗu ko biyar, har taurarin sun daina bambance komai.

Abin da ya sauya a 2026

Sabon ma'aunin Euro NCAP ya bi matakan haɗari ne ɗaya bayan ɗaya: tuƙi cikin natsuwa, kauce wa karo, kariya lokacin karo, da ceto bayan karo. Biyu daga cikin matakan huɗu na na'urori ne kai tsaye, don haka nauyinsu bai ragu ba. Abin da ya sauya shi ne yadda ake auna su.

Ƙungiyar ta karɓi koken direbobin Turai, waɗanda da yawansu ke kashe na'urorin da zarar sun tada mota saboda yawan ƙara da fizgar sitiyari ba dalili. Yanzu ana duba ko na'urar tana aiki cikin laushi, kuma ana fita da mota kan hanyoyin gaske don a ga ko tana karanta allon iyakar gudu daidai, maimakon a tsaya a filin gwaji. Ana ba da maki ga motar da ta bar maɓallai na hannu don sigina da hon da goge gilashi da fitilar haɗari, bayan shekarun da kamfanoni suka yi suna cusa komai cikin allon taɓawa. Ana kuma duba ko ƙofofi masu hannun lantarki za su buɗe bayan karo. A taƙaice, masu ba da taurarin sun amince cewa samun na'ura dabam, amfaninta dabam.

Idan motar ta sauka a Nijar

Kusan duk motocin da ke yawo a Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa na hannu ne, sun shigo ta tashoshin ruwan Kwatano ko Lome. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Binciken da hukumomin Holand suka yi a tashoshinsu ya nuna yawancin motocin da ake lodawa zuwa Afirka shekarunsu 16 zuwa 20, kuma galibi ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki. Ma'ana, motocin da ke cike da kamarori yanzu suka fara isowa, kuma nan da ƴan shekaru su ne za su cika garejin dillalai.

Na'urar riƙe layi tana neman farin fenti a kan kwalta. A sassa da dama na babbar hanya ta ɗaya da ta tashi daga Yamai ta bi Doso da Konni da Maradi zuwa Damagaram, fentin ya goge ko yashi ya rufe gefensa, a hanyoyin laterit kuwa babu shi sam. Na'urar gudu tana neman allo da taswira. Kamarar tana manne a bayan gilashin gaba, ƙurar hunturu tana dishe ta, kuma duk lokacin da aka sauya gilashin sai an sake daidaita ta da kayan aiki na musamman da ba kowane bakanike ke da su ba. Radar tana ɓoye a bamba ko bayan tambarin kamfani, ƙarfen da ake girka wa mota a gaba yana iya toshe ta, ƙaramin bugu yana iya karkatar da ita. Maɓallin neman agaji an gina shi ne a kan lambar gaggawa ta Turai, 112. A cikin abubuwan da ake jarraba birkin da su akwai mota da babba da yaro da mai keke da mai babur, amma babu amalanken jaki, babu raƙumi, babu garken awaki da ke tsallaka hanya da magariba.

Wannan ba ya nufin komai ya tashi a banza. Cikin cunkoson gari da rana, tsakanin ƴan kabu-kabu da adaidaita da ƴan makaranta, birkin da ke aiki daidai yana iya hana kaɗe mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutane kusan 250,000 suka mutu a hanyoyin Afirka, kusan kashi ɗaya cikin biyar na mace-macen hanya a duniya, a nahiyar da ke da kashi 3 kacal na motocin duniya, kuma kusan rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Sannan akwai na'ura ɗaya da ba ta buƙatar fenti ko allo: ESC, ko ESP kamar yadda aka fi sani a ƙasashe masu Faransanci, wadda ke hana mota sulɓewa ta kife idan direba ya kauce wa rami ko dabba da gudu. Turai ta wajabta ta ga duk sabuwar mota tun 2014, Amurka tun 2012. A doguwar hanya irin ta Nijar, ita ce ta fi cancantar kuɗin mai saye.

Suna ɗaya, mota biyu

Wani tarkon kuma yana jiran masu sayen sabuwa dal. Taurarin Turai na motar da aka ƙera don Turai ne kawai. A watan Nuwamban 2017 ƙungiyar Global NCAP da ƙungiyar masu motoci ta Afirka ta Kudu suka fara gwada motocin da ake sayarwa a Afirka. A zagayen farko Chery QQ3 ta samu sifili, Datsun Go+ tauraro ɗaya, Toyota Etios huɗu. A 2018 a-kori-kura ƙirar Nissan NP300 Hardbody ta samu sifili duk da tana da jakunkunan iska biyu, domin ɗakin direban ya murƙushe. A 2020 aka haɗa sabuwar NP300 ta Afirka ƙirar 2019 karo da tsohuwar Navara ta Turai ƙirar 2015. Sakamakon ya nuna direban sabuwar da wuya ya tsira, na tsohuwar kuwa zai iya fita da ƙafarsa.

Yayin da Turai ke muhawara a kan ko ƙarar gargaɗi ta yi yawa, a Afirka har yanzu batun shi ne ko rufin mota zai tsaya. Nan ne aikin hukumomi yake, daga hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER zuwa ma'aikatar sufuri da jami'an duwan. Abin da za a iya dubawa a bakin iyaka da wurin duba lafiyar mota a fili yake: bel a kowace kujera, jakar iskar da ba a cire ba, birkin ABS da ESC masu aiki, da jikin da ba a yanka aka haɗa ba bayan mummunan haɗari.

Kafin a biya kuɗi

Sakamakon kowace mota yana nan kyauta a shafin intanet na Euro NCAP, har da Faransanci. Abu na farko da za a duba shi ne shekarar gwaji, domin ma'aunin yana tsananta kusan duk bayan shekara biyu ko uku, kuma ƙungiyar da kanta tana ɗaukar sakamako a matsayin wanda ya ƙare bayan shekara shida. Taurari biyar na 2010 ba su kai uku na 2023 wahalar samu ba. Na biyu, a duba makin kariyar manya da na yara dabam da jimillar. Na uku, a tabbatar da kasuwar da aka ƙera wa motar. Na huɗu, a murɗa makulli a kalli allon direba: fitilar jakar iska da ta ABS da ta ESC su kunna su mutu bayan ƴan daƙiƙoƙi. Wadda ta ƙi mutuwa akwai matsala, wadda ba ta kunna ba sam wataƙila an cire ƙwanta ne don a ɓoye matsalar.

Duk gwajin ba da taurari da ake yi a Turai da Amurka, mutum-mutumin a ɗaure yake da bel, kuma kowace kujera mutum ɗaya ke kanta. Gudun karon gaba a gwajin Euro NCAP na ma'aunin 2023 kilomita 50 ne a awa. Motar da aka cika da mutum bakwai, babu mai bel, tana gudun 130 da dare tsakanin Madawa da Gidan Runji, ta fita daga lissafin da aka yi aka ba ta taurarin.